Idan Zuciya Ta Tsaya a Bakin Gulbi

"Ya yanke jiki ya faɗi." Da wannan jimla ake ba da labarin mutuwar fuju'a a ƙasar Hausa, kuma duk wanda ya ji ta ya san sauran zancen. Magidanci ne yana alwala, ko ɗan kasuwa yana ƙirga ciniki a babbar kasuwar Birnin Kebbi, ko malamin makaranta yana tsaye gaban allo. Jama'a su taru, wannan ya yayyafa masa ruwa, wancan ya yi masa fifita, wani ya duƙa yana kiran sunansa. Daga nan a kinkime shi a sa a mota a nufi asibiti, hankalin kowa na kan abu guda: a isa a yi masa allura. Da an isa, likita ya buɗe idon ya haska, ya saurari ƙirji, ya ɗago ya ce sai haƙuri.

Allurar da ake wannan gudu dominta akwai ta. Sunanta adiranalin, tana cikin 'yar kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Sai dai abin da take iyawa bai kai abin da jama'a ke zato ba, ɗan abin da take iyawan ma yana rataye ne a kan abin da aka yi wa mutumin a mintocin farko, can inda ya faɗi.

Masu kallon ƙwallo sun ga wannan da idonsu. Ranar 12 ga Agusta, 1989, Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ana karawa da Angola, bai tashi ba. A watan Maris na 2020 Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya ana wasa da Katsina United, shi ma ya rasu. Ranar 12 ga Yuni, 2021, Christian Eriksen na Denmak ya faɗi a Kofenhagen. Nan take aka hau danna masa ƙirji a kan ciyawa, aka girgiza zuciyarsa da lantarki sau ɗaya, ta dawo. A shekarar da ta biyo baya ya buga gasar cin kofin duniya. Babu wanda ya ɗauki Eriksen ya ruga asibiti da shi kafin zuciyarsa ta dawo aiki.

Yadda zuciya ke tsayawa

Zuciya tsoka ce da lantarki ke tuƙawa. A samanta ta dama akwai wani ɗan gungun ƙwayoyi da ke sakin tartsatsi sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan babba yana hutawa. Tartsatsin ya bi hanyarsa zuwa ɗakunan ƙasa guda biyu, su matse, jini ya fita zuwa huhu da sauran jiki. Tsayawar zuciya ita ce wannan famfo ya daina tura jini. Ta bambanta da toshewar jijiyar da ke ciyar da zuciyar kanta, wadda mai ita ke jin ciwon ƙirji yana magana, ko da yake toshewar kan kai ga tsayawar.

Tsayawar iri biyu ce a wurin likita. A iri na farko lantarkin yana nan amma ya hargitse, ɗakunan ƙasa suna karkarwa kawai ko suna gudun da ba ya barin jini ya cika su. Maganin wannan shi ne na'urar girgiza zuciya, wadda ke sakin wuta mai ƙarfi ta kashe hargitsin gaba ɗaya, don gungun nan na sama ya sake karɓar ragama. A iri na biyu, ko dai lantarkin ya ɗauke baki ɗaya, allon na'ura ya nuna miƙaƙƙen layi, ko kuma yana tafiya daidai amma tsokar ba ta amsawa. A nan girgizawa ba ta da amfani, duk da finafinai na nuna akasin haka. Ido ba ya bambance irin biyun, sai na'ura.

Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da haƙuri. Minti huɗu zuwa shida ba jini, ta fara lalacewa. An ƙiyasta cewa mai karkarwar zuciya da aka bari ba a taɓa shi ba, damar rayuwarsa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari a kowane minti. Tsakanin Argungu da Birnin Kebbi kimanin kilomita 50 ne. Tsakanin unguwa da ƙofar Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ma, idan aka haɗa da neman mota da cunkoson 'yan kabu-kabu, minti goma ba komai ba ne.

Abin da ke riƙe ƙwaƙwalwa a wannan tsakani shi ne tafin hannu. A 1960 wasu masu bincike uku a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Kouwenhoven da Jude da Knickerbocker, suka nuna cewa danna ƙashin ƙirji daga waje yana tura jini. Ƙa'idar yau ita ce a kwantar da mutum rigingine a wuri mai tauri, a danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, wanda ya samu horo ya hura iska sau biyu bayan kowace danna talatin. Wannan dannar ce kuma ke ɗauke da maganin da aka zuba a jijiyar hannu ta kai shi zuciya. Idan babu ita, maganin zai tsaya ne a damtse.

Abin da adiranalin ya iya

Wani masanin kimiyya ɗan Japan, Jokichi Takamine, ya tace adiranalin a 1901. Bayan shekara biyar George Crile da David Dolley suka gwada shi wajen farfaɗo da karnuka a Amurka. Aikinsa shi ne tsuke ƙananan jijiyoyi a faɗin jiki, ta yadda ɗan jinin da danna ƙirji ke motsawa zai karkata zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa. Babba ana ba shi miligiram ɗaya ta jijiya, a maimaita kowane minti uku zuwa biyar. Idan tsayawar irin wadda ba a girgizawa ce, ana ba da shi da zarar an samu jijiya; idan irin ta karkarwa ce, girgiza ke gaba, maganin ya biyo baya. In jijiya ta ƙi samuwa ana iya huda ƙashin ƙwauri a zuba ta ɓargo. Caka allura kai tsaye cikin zuciya tuni aka daina shi.

An shafe fiye da rabin ƙarni ana amfani da shi kafin a gwada shi gwaji mai girma a kan mutane. An yi gwajin a Birtaniya ƙarƙashin Farfesa Gavin Perkins na Jami'ar Warwick, sakamakon ya fito a 2018. Mutum 8,014 da zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti aka kasa biyu, rabi aka ba su adiranalin, rabi ruwan gishiri. Zuciyar kashi 36 cikin ɗari na masu adiranalin ta dawo bugawa kafin a kai asibiti, a masu ruwan gishiri kuwa kashi 12 ne. Amma bayan kwana talatin, waɗanda ke raye kashi 3.2 ne a ɓangaren farko, kashi 2.4 a na biyu. Waɗanda suka bar asibiti da ƙwaƙwalwa lafiya kuma, kashi 2.2 da kashi 1.9, tazarar da masu lissafi ba su iya cewa ta wuce dace ba.

Ma'anar waɗannan alƙaluma a fili take. Adiranalin gwani ne wajen tayar da zuciya, amma ba ya dawo da ƙwaƙwalwar da ta riga ta mutu. A wancan gwaji, kafin a kai ga zuba maganin an yi kusan minti 21 da kiran motar asibiti, a ƙasar da ke da motoci da ma'aikata a shirye dare da rana.

Akwai magunguna biyu da ake ƙarawa idan karkarwa ta ƙi jin girgiza: amiyodaron, miligiram 300 bayan girgiza ta uku, ko lidoken, wanda kowane asibiti ya sani saboda da shi ake kashe zafi kafin a yi ɗinki. Wani gwaji da aka yi a Amurka da Kanada a kan mutum kusan 3,000, wanda ya fito a 2016, bai samu bambanci mai ƙarfi tsakaninsu da ruwan gishiri ba idan aka haɗa kowa da kowa. Amfaninsu ya bayyana ne a waɗanda suka faɗi a gaban jama'a, wato waɗanda ba a makara a kansu ba.

Dalilan da suka fi kusa da gida

Waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a ƙasashen da yawancin masu faɗuwa dattawa ne masu toshewar jijiya. Hawan jini da ciwon suga sun kawo irin wannan cuta Kebbi ma, amma kwarin Rima na da nasa dalilan, kuma a nan ne magani ya fi taka rawa. Yayin da ake danna ƙirji, an koya wa likita ya riƙa tambayar kansa me ya tsayar da zuciyar: ƙarancin iska, zubar jini, rikicewar gishirin jiki, guba. Idan aka gano dalilin tun zuciya tana tangal-tangal, kafin ta tsaya, magani mai arha kan iya juya lamarin.

A fara da fadama. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, sannan aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa a Argungu a 2017, noman rani ya bunƙasa, feshi ma ya yawaita. Da yawa daga magungunan ƙwari, har da wanda ake kira ota-piya-piya da ake ajiyewa a ɗaki saboda sauro, 'yan gida ɗaya ne. Suna toshe wani sinadari da ke kashe saƙon jijiya bayan ya isa, sai saƙon ya yi ta maimaituwa ba tsayawa. Manomin da ya yi feshi ba kariya iska na kaɗowa gare shi, ko yaron da ya sha daga gorar da aka juye maganin a ciki, zai zo yana dalalar da yawu, gumi na karyo masa, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, ƙirjinsa cike da majina, zuciyarsa na bugawa a hankali. A gida kan ɗura masa manja ko nono, wanda in ya shaƙe shi sai ya faɗa huhu ya ƙara dagula al'amari.

Makarin wannan guba shi ne atirofin. Ana fara ba babba miligiram ɗaya zuwa uku, a ninka kowane minti biyar har ƙirji ya bushe, bugun zuciya ya haura 80. Wanda gubar ta kama sosai kan lanƙwame kwalabe gommai a dare ɗaya. Asibitin da ke da kwalba biyar a kabad, a lissafin sito yana da atirofin. A gaban wannan manomi kuwa zai ƙare kafin a yi nisa. Shi dai atirofin ɗin, shi ne maganin farko ga duk wanda bugun zuciyarsa ya yi ƙasa har jiri ke ɗibarsa, ko da ba guba ba ce. Amma tun 2010 aka cire shi daga jerin abin da ake ba zuciyar da ta riga ta tsaya, saboda an ga ba ya ƙara komai.

Sai ruwa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kan zuba dubban masunta cikin Matan Fada da homa da gora a lokaci guda. Da damina gulbi kan cika ya shafe fadama, kwale-kwale ya zama hanyar zuwa gona. Kifewar jirgin ruwa kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, a watan Mayu na 2021, ta ci rayuka gommai a kan kogin Neja. Wanda aka tsamo daga ruwa zuciyarsa ta tsaya ne saboda rashin iska, don haka maganinsa na farko numfashi ne: a hura masa iska sau biyar, sannan a hau danna ƙirji. Al'adar kifa shi a matsa cikinsa don ya amayar da ruwa cin lokaci ce, kuma tana iya tura abin da ke ciki zuwa huhu.

Gishirin jiki kuma, musamman fotasiyam, shi ne ke daidaita lantarkin zuciya. Amai da gudawa, irin annobar kwalara da ta ratsa arewa a 2021, na zubar da shi har zuciya ta fara tuntuɓe. Shi ya sa ruwan gishiri da sukari na fakiti ke ɗauke da fotasiyam a ciki. Ciwon ƙoda kuwa tara shi yake yi har ya kai ga tsayar da zuciya. Ga mai wannan hali, allurar kalsiyam na kare zuciya cikin mintoci, insulin da sukari su tura fotasiyam cikin ƙwayoyin jiki na 'yan sa'o'i. Lokaci kawai suke saya, kafin a isa inda ake wankin ƙoda.

Ɗakin haihuwa na da nasa labarin. Tun shekarun 1970 Davidson da Parry suka bayyana a Zariya yadda zuciyar masu jego ke kumbura ta raunana, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gado mai wuta. Wani bincike da aka wallafa daga Sakkwato a 2007 ya samu cutar a kusan haihuwa ɗaya cikin ɗari, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya, kuma aikin Farfesa Kamilu Karaye a Kano ya nuna hannun ƙarancin sinadarin seleniyam a ciki. Zuciyar da ta kumbura haka tana da saurin hargitsewa. A wannan ɗaki dai ake ajiye maganiziyam salfet saboda jijjigar masu ciki, kuma shi ne maganin wani nau'in gudun zuciya mai murɗewa da ke kisa cikin mintoci: giram biyu ta jijiya. In maganiziyam ya yi wa mace yawa har numfashinta ya yi ƙasa, kalsiyam ne makarinsa. Ungozomar da ta ƙware a kan waɗannan kwalabe biyu ta riga ta riƙe wani yanki na ilimin ceton zuciya.

Zazzaɓin cizon sauro ma ya shigo ciki. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Kebbi na ɗauke da ƙwayar cutar, fiye da kowace jiha. Kwinin, tsohon maganin zazzaɓi mai tsanani, yana taɓa lantarkin zuciya, kuma in aka tura shi cikin jijiya da sauri yana iya kisa. A cikin ƙarin ruwa ake ba da shi a hankali. Gwajin da aka yi a ƙasashen Afirka tara, har da Ilorin, wanda ya fito a 2010, ya nuna atesunet ya fi shi ceton yara: kashi 8.5 suka rasu maimakon kashi 10.9.

Zuciya mai gudu

Akwai kuma wanda bai faɗi ba, amma zuciyarsa ta ɓalle da gudu, bugu 180 a minti, yana zaune yana haki. Sau da yawa wannan wata 'yar da'ira ce da lantarki ya kama zagayawa a saman zuciya. Kafin a taɓa magani, akan ba shi sirinji ya hura da ƙarfi tsawon daƙiƙa 15, sannan a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. Gwajin da aka yi a Ingila a 2015 ya nuna wannan dabara ta daidaita kashi 43 cikin ɗari, alhali hurawa a zaune kawai ta daidaita kashi 17. In ta ƙi, sai adinosin, miligiram 6 da ake turawa da sauri a bi shi da ruwa, domin jiki na cinye shi cikin ƙasa da daƙiƙa goma. Yana tsayar da saƙon na ɗan lokaci, mara lafiya ya ji kamar ransa zai fita, sai bugun ya dawo daidai.

Haɗarin yana nan: gudun da ya taso daga ɗakunan ƙasa da wanda ya taso daga sama iri ɗaya suke a yatsan mai taɓa jijiya. Takardar ECG ce ke raba su. Maganin da ke kwantar da na sama, kamar berafamil, yana iya rusa mai na ƙasa. Haka adiranalin: miligiram ɗayan da ake ba zuciyar da ta tsaya, in aka zuba shi a jijiyar mai rai yana iya halaka shi. Wanda jikinsa ya yi mummunan bore bayan harbin zuma ko wata allura, rabin miligiram ake yi masa a tsokar cinya. Waɗannan ba magungunan kemis ba ne, ba kuma na mai allurar unguwa ba.

Tire ɗaya

Duk magungunan da aka lissafa za su shiga tire ɗaya, kuma yawancinsu suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ke sa tiren ya yi aiki ƙananan al'amura ne. Ya kasance a ɗakin marasa lafiya, kada ya kwana a sito makulli na aljihun wanda ya tafi gida. A samu mai duba shi a kowace karɓar aiki, domin adiranalin ba ya son zafi da haske, garin kuma a watan Afrilu yakan haura digiri 40. Kwalbar da ruwanta ya sauya launi ta tashi daga aiki. Batirin na'urar girgiza ya kwana da caji. Sannan kada a rubuta takarda a miƙa wa ɗan'uwan mara lafiya ya je ya sayo, domin kafin ya dawo an yi ihu bayan hari.

Doka ma ta san da wannan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin ɗari na asusun kula da lafiya a matakin farko domin irin wannan jinya. Ɗan majalisa da shugaban ƙaramar hukuma da mamban kwamitin asibiti suna da hurumin tambayar inda kason ya shiga.

Mai karatu da ba likita ba, rabonsa ya fi na likitan girma a mintocin farko. Shugaban makaranta, manajan banki, limamin masallacin Juma'a, jami'in da ke shirya biki a bakin Matan Fada, kowannensu na da ikon kiran ma'aikatan jinya ko 'yan agaji su koya wa mutanensa danna ƙirji; darasin ba ya cin yini. Na'urar girgiza ta zamani tana karanta zuciya da kanta, ta faɗa wa mai riƙe da ita abin da zai yi, kuma ba ta sakin wuta sai inda ya dace. Ajali idan ya zo babu mai tare shi, kowa ya yarda da haka. Amma babu wanda ke tsaye a kan mutumin da ya faɗi da ya san ko ya zo ɗin, don haka abin da ya rage masa shi ne ya durƙusa ya sa hannu, ya tura wani neman taimako.

Ga asibitocin Argungu da Birnin Kebbi da na garuruwan da ke bin gulbi, akwai lissafin da ya kamata a yi kafin a fara feshin noman rani na bana: kwalaben atirofin nawa ke cikin tire, kuma za su ishi manomi ɗaya ya kai asuba?